Ƙarin da ke ɓuya bayan wasu cututtuka



Yau za mu yi magana bisa wani ƙari da ba a cika gani ba. Amma ya kamata ku san shi, don yana ɓuya bayan cututtukan da muka saba da su.

Cikin hanji da huhu akwai wasu ƙananan ƙwayoyin nama. Akwai su kuma cikin wata tsoka da ke bayan tumbi, wadda lokotoro ke ce ma pankireyas. Aikinsu shi ne zuba sinadarai cikin jini. Wani lokaci ƙwayoyin nan sai su yi ta yawa, har su zama ƙari. A shekarar 1907, wani lokotoron Jamus mai suna Oberndorfer ya ba irin na hanji suna. Sau da yawa ƙarin yana girma sannu sannu, shekara da shekaru.

To, ƙaƙa yake nuna kansa?

In yana hanji, mutum na iya yin zawo wata da watanni, har cikin dare. Fuska ta ɗauki zafi farat ɗaya.

In yana huhu, sai tari da shessheƙa, wani lokaci har da jini. Sai a ce tarin fuka ne.

In yana pankireyas, sukarin jini na iya faɗuwa. Mutum ya yi zufa, jiki na rawa, hankali ya rikice. In ya sha ruwan sukari, sai ya dawo daidai. Wasu su ce iska ce. A'a, ciwo ne na jiki.

Kada ku tsorata. Yawancin zawo da tari ba wannan ƙari ba ne. Kuma ba a ɗaukar shi daga wani.

Amma in kun sha magani ciwo bai tafi ba, ku koma gidan likita. Yanzu kun iya rubutu. Ku rubuta ranar da abin ya fara, da sau nawa yake zuwa. Ku nuna wa lokotoro. Shi zai tura ku babban asibiti, kamar na Yamai ko na Zinder, a gwada jini, a ɗauki hoton ciki.

In an gane shi da wuri, ana iya cire shi da fiɗa. Akwai kuma allurar da ake yi wata wata, tana rage zawo.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wani mako.