Wakili Ɗan Aike Ne Ko Mai Gashin Kansa?



A Amurka, ƙuri'ar talaka ba ita ce ke naɗa shugaban ƙasa kai tsaye ba. Jama'ar kowace jiha suna zaɓen wakilai ne, jimillarsu 538, su kuma su zaɓi shugaba. Wanda ya sami 270 ya ci. To, idan wakili ya isa gaban akwati ya sake shawara fa? An ga haka a 2016, sa'ad da wakilai 7 suka ba wasu dabam ƙuri'unsu. Jihar Washintan ta ci nata tarar dala 1,000 kowannensu, suka ɗaukaka ƙara. Ran 6 ga Yuli, 2020, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, babu alƙali ko ɗaya da ya saɓa, cewa jiha tana da ikon tilasta wa wakili ya bi zaɓin jama'arta.

Kada wani ya ce wannan maganar Turawa ce. Mu ma a 1979 saura ƙiris mu faɗa hannun wakilai. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Da Kotun Ƙoli ta goyi bayan Cif Obafemi Awolowo ran 26 ga Satumba, da 'yan majalisun tarayya da na jihohi ne za su taru su zaɓa mana shugaba. Ku auna abin da zai gudana a wannan dare.

Amma mu dawo gida. A zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa na 2022, kowace ƙaramar hukuma ta aika deliget ɗaya zuwa taron PDP, uku zuwa na APC. Wato duk faɗin Dutsin-Ma da Kurfi, da manomansu da makiyayansu da malaman makaranta, mutum biyu ne suka yi magana da yawunsu a wancan taro, shida a wannan. Wa ya gaya musu wanda za su zaɓa? Da suka dawo daga Abuja, wa ya tambaye su? Jaridu dai sun cika da labarin daloli.

Na san za a ce wakili mutum ne mai hankali, ba jakin dako ba. Gaskiya ne, kuma da wannan hujja wakilan Washintan suka je kotu. Sai dai ni a ganina, in mahaifiyata ta aike ni kasuwar Dutsin-Ma sayen gero na komo da dawa, hankalina ba zai cece ni ba. Ita aƙalla tana iya buɗe buhu ta duba. Mutumin Kurfi kuwa, ƙuri'ar da aka jefa da sunansa a asirce aka jefa ta, har yau bai san inda ta faɗa ba.