Hannun da Ya Shanye: Ƙofar Ba Ta Rufe a Wata Shida

 

Da wuya a bi layi guda a Babbar Kasuwar Garwa ba a tarar da wanda ke jinyar mai shanyewar ɓarin jiki a gida ba. Labarin kuwa kusan ɗaya ne: an sallamo shi daga asibiti, an yi gashi wata biyu ko uku, guzuri ya ƙare, sai wani ya ce ai abin da bai dawo cikin wata shida ba ya tafi ke nan. Wannan magana nake so mu warware yau.

Gaskiya ne sauƙi ya fi sauri a watannin farko. Amma ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sabuwar hanya inda tsohuwa ta toshe, kamar yadda ake sake mashiga idan Binuwai ta cika. Abin da ke buɗe hanyar shi ne maimaici.

Wani masani a Amurka, Edward Taub, ya lura cewa majinyaci kan yi watsi da hannun da ya raunana domin mai lafiyar ya ɗauke masa aiki. Sai aka sa wa hannu mai lafiya safa mai kauri mafi yawan yini, aka tilasta wa raunanan aiki har awa 6 a kowace ranar aiki, tsawon mako 2. Binciken da aka buga a 2006 a kan mutum 222 ya nuna hannun ya ƙara amfani, kuma ribar ta ɗore har bayan shekara. Sharaɗinsa: wuyan hannu da yatsu su kasance suna ɗan miƙewa. Wanda tafiya ke yi wa tangaɗi kada a rufe masa hannun da yake dafawa da shi. Faɗuwa ta fi wannan asara.

Akwai kuma dabarar madubi, mafi arha duka. A tsayar da madubi tsakanin hannayen biyu, a ɓoye raunanan a bayansa, majinyaci ya riƙa motsa mai lafiyar yana kallon hotonsa. Ido sai ya ga kamar shanyayyen ne ke motsi.

Na uku na'ura ce ƙarama da ake dasawa a ƙirji, tana tsikarar wata jijiya ta wuya daidai lokacin atisaye. A 2021 aka buga gwajinta a kan mutum 108 a Amurka da Birtaniya, waɗanda ciwonsu ya kai wata 9 zuwa shekara 10. Kashi 47 cikin 100 na waɗanda aka kunna wa ita sun sami sauƙi na a zo a gani. Tana da tsada, tana buƙatar tiyata, ba kuma ita na zo tallata muku ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗaya rukunin, da ba a tsikare su ba: kashi 24 nasu ma sun ci gaba, da atisaye kaɗai, bayan an daɗe da cire rai.

Sai gargaɗi, kuma ku 'yan kasuwa kun san haja mai ƙyalli. Za ku ga ana tallar allurar ƙwayoyin halitta a WhatsApp, wai tana tayar da hannu. Wannan har yanzu gwaji ne, ba a tabbatar da shi magani ba. Gwaji na gaskiya yana da izinin hukuma, ana karanta wa mutum takardar yarda, ba a kuma sa shi ya sayar da gona ko shanu.

Saboda haka, ku mai da majinyacinku wurin likitan gashi, a Asibitin Yanki na Garwa ko a Yola idan can ya fi muku kusa, ko da shekara uku ta shige. Ku roƙi a auna hannun, a koya wa mutum ɗaya na gida atisayen. Daga nan kayan aiki suna gabanku: tsintar gyaɗa daga faifai zuwa kwano, jan carbi, ƙirga sulalla, ɗaga buta marar ruwa. Uwargida, na san tausayi ne ke sa ki ba shi abinci a baki. Ki bar masa cokalin ko da zai zubar. Maganin hawan jini kuma kada a daina shi don an ga sauƙi, a kuma rage gishiri da dunƙulen miya a tukunya.