Cocin Pompion Hill: sunan wa ke jikin bangon?

Yau Amurka zan kai ku, jihar South Carolina, bakin kogin Cooper, inda wani ɗan ƙaramin coci na jan bulo yake tsaye tun 1765. Sunansa Pompion Hill, amma mutanen yankin "Punkin" suke cewa, wato kabewa.

Lokacin Ingila ce ke mulkin wurin, kuma dokar 1706 ta mai da cocin Ingila addinin hukuma. Sunan Episcopal sai bayan 'yancin kai ya zo. To babban cocin gunduma ya yi wa masu gonaki nisa, shi ya sa ake gina irin waɗannan ƙananan, kamar dai masallacin unguwa da na Juma'a. Na farko a wurin na katako ne, na 1703. A 1763 aka fara wannan na bulo.

Ginin bai da girma ko kaɗan, amma birkilan da ya gani zai tsaya. A kowane layi, bulo ɗaya a kwance ta tsawonsa, na kusa da shi ta kansa, haka har sama. Wannan ɗauri shi ke kama kaurin bango ciki da waje. Tagogi masu baka a sama, ƙofa ɗaya na kallon kogi, ɗaya na kallon hanya, don wasu ta jirgin ruwa suke zuwa. A ciki akwai mumbari na jan katako mai sassaƙa.

Ga inda nake so ku saurara. An sassaƙa haruffan sunan Zachariah Villepontoux, mai sana'ar bulo, a jikin ginin, haka ma alamar magini William Axson. Madalla. Amma wa ke haƙo yumɓu a yankin nan, ya cuɗa, ya kwana gaban wuta yana gasa bulo? Bayi ne 'yan Afirka. Arzikin masu zuwa cocin ma daga shinkafa ya fito, kuma da yawa daga cikin masu noma ta daga Afirka ta Yamma aka kwaso su, irin su Senegal, Gambiya da Saliyo, inda dama sun san noman shinkafa tun a gida. Ni dai wannan ya fi tsaya mini a rai fiye da kyan tagogin.

A 1970 gwamnatin Amurka ta sa cocin cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.