Burokoli da Mai Ciwon Ƙoda: A Auna Jini Kafin a Haramta Ganye

 Likitoci da ma'aikatan jinya, aikin ƙoda kun fi ni saninsa, don haka na wuce wurin.

Rigimata da takardar nan ce da ake miƙa wa majinyaci ranar da aka ce ƙodarsa ta yi rauni, mai jerin ganyayen da aka haramta masa saboda fotasiyam, har da burokoli. Mutumin Gashuwa ko Haɗeja ina ya ga burokoli? Sai dai masu cefane a kasuwar Farin Gada ta Jos. Amma da ya ga an soke ganye ɗaya sai ya yi sallama da duka, ya koma miyar da aka cika da dunƙule.

Ga lissafin. Giram 100 na ɗanyen burokoli na ɗauke da fotasiyam kimanin miligiram 316. Ayaba 358, dankalin Turawa ya haura 400, kabeji kuwa 170. Ashe burokoli tsaka-tsaki ne. A yanka shi ƙanana, a tafasa cikin ruwa mai yawa, a tsiyaye ruwan, ya ƙara raguwa. Tun 2020 ƙa'idojin KDOQI na Amurka suka ce a daidaita fotasiyam ɗin abinci da awon jinin kowane majinyaci. Daidai a jini shi ne 3.5 zuwa 5.0. To wanda nasa ya tsaya a 4.2, da wace hujja za ka raba shi da ganye? In ma ya hau, fara duba magungunansa: lisinopril, losartan da spironolactone duk suna ɗaga shi. Tambaye shi batun bayan gida. Idan ƙoda ta gaza, hanji ne ke taya ta fitar da fotasiyam, kuma mu da kanmu muke ɗaure masa ciki da muka hana shi ganye. Sai mu auna, mu ga ya hau, mu ƙara soke wani ganyen!

Wasu abokan aikina na cewa rigakafi ya fi magani, gara a hana kowa. Wannan gudun aiki ne kawai. Mai wankin ƙoda da awonsa ya kai 6, na yarda a taƙaita masa, a gaya masa gwargwado. Shi ke nan.

Abin da na daɗe ina nema bai sauya ba. Kada a ba kowa takardar abinci sai an ga awon jininsa. A rubuta ta da abin da ke tukunyarmu: kuka, zogale, yakuwa, alayyahu. A sa gishiri a sahun farko, kada ya kai giram 5 a yini, a lissafa dunƙule da kanwa a ciki, domin kanwa ma sodiyam ce mafi yawanta. Gishirin nan da ake tallata wa masu hawan jini kuma, wanda aka haɗa da fotasiyam, shi ya cancanci jan layi a takardar mai ciwon ƙoda.