Daga Zuru Zuwa Madina



Daga Birnin Kebbi zuwa Madina kusan kilomita 4,000 ne. Kakanninmu da ƙafa da jakuna suke ratsa Chadi da Sudan, su ƙetare Bahar Maliya. Wasu sai sun yi shekara da shekaru a hanya, wasu can suka zauna. Yau maniyyacin Zuru, in ya isa filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi, cikin yini guda ya sauka ƙasa mai tsarki. Daga filin nan jirgin farko na alhazan Nijeriya na aikin Hajjin 2024 ya tashi.

Amma zaman awoyi a kujera yana kumbura ƙafafun tsofaffi. Alhaji, Hajiya, ku sha ruwa, ku riƙa miƙewa kuna takawa, maganinku na kusa da hannu.

Allah ya kai ku lafiya.