Hayaƙin da Ba Ya Kaiwa Salansa: Lacca a Kan Yoyon Manifol a Tsofaffin Motoci

 

Da aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, wani abokina ya ba ni shawarar in ɗauko babban batu, irin motoci masu aiki da lantarki. Na ce masa a'a. Ka leƙa waje ka ga motocin da suka kawo mu wannan zaure. Yawancinsu sun haura shekara 20, wasu ma sun girmi direbobinsu. A kansu zan yi magana, a kan wani ciwo da muka raina saboda ba ya hana mota tafiya.

Wata shekara da hunturu na shiga Fijo 504 ta haya zuwa Gusau. Mun bar tasha bayan asuba, sanyi ya sa kowa ya ɗaga gilashi. Tun daga tasha injin ke wani ƙara, tas-tas-tas, kamar ana taɓa ƙusa da guduma. Direba ya ce tafet ne, in ta yi zafi zai daina. Kuma ya daina ɗin. Kafin mu kai Funtuwa kaina ya fara sarawa, wata baiwar Allah a baya ta fara amai, shi kansa direban na ga yana ta murza ido. Muka tsaya shan shayi, cikin ɗan lokaci kowa ya warware, muka ɗora laifin a kan rashin karin kumallo. Sai bayan shekaru, da na shiga wannan sana'a, na gane abin da muka shaƙa.

Manifol shi ne ƙarfen nan mai rassa da ke ɗaure a jikin top silinda. Yana tattara hayaƙin kowace silinda ya miƙa shi ga bututun salansa. A tsofaffin motoci da ƙarfen zubi ake yin sa, shi kuwa top ɗin Fijo 504, da na motocin Japan da yawa, na alminiyam ne. Tsakaninsu gasket ne, sai kusoshi masu zare da ke riƙe su. To ku duba irin zaman da aka haɗa. Top yana da ruwan lagireto da ke zagaya cikinsa, zafinsa bai cika wuce digiri 100 ba. Manifol ba shi da mai sanyaya shi, in mota ta ɗauki kaya tana hawa tudu yakan haura digiri 600. Ƙarfe kuwa in ya sha zafi miƙewa yake yi. Manifol mai tsawon santimita 40 zai iya ƙara milimita 2 ko fiye, top ɗin da yake jingine da shi bai ƙara ko milimita ɗaya ba. In an kashe mota kowa ya koma mazauninsa. Wannan ja-in-ja ana yin sa duk safiya da duk yamma. Fijo ɗin da ta fito daga masana'antar Kakuri a Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, ku lissafa sau nawa ta yi zafi ta huce. Ƙarshen abin ɗaya ne cikin uku: ko fuskar manifol ta lanƙwashe, ko kusa ta karye, ko ƙarfen ya tsage.

Wannan ne ma ya bayyana ƙarar da direbanmu ya kira tafet. Da sanyin safiya kafar yoyon a buɗe take, hayaƙi na tsartuwa. In ƙarfe ya yi zafi ya kumbura sai ya toshe ta, ƙara ta lafa, mai mota ya ce ta warke. Ba ta warke ba. Kullum wutar na ƙara cin bakin kafar.

Me ya sa na damu haka? Cikin hayaƙin fetur akwai iskar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da kuke ji na man da bai ƙone ba ne, ita shiru take zuwa. In ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Tsohuwar mota mai kafireto, in tana tsaye injin na aiki, wannan guba takan kai kashi 3 ko 4 cikin 100 na hayaƙinta. Aikin salansa shi ne ta kai hayaƙin bayan mota. Yoyon manifol kuwa a gaban direba yake sakin sa, ƙarƙashin bonet, inda ramukan waya da na feda da ruɓaɓɓen bodi ke jiran sa. Farkon alamar gubar ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci. Direban da ke ɗauke da mutum tara a kan titi, ko kaɗan ba ma masa fatan barci.

Akwai kuma asarar aljihu. A motoci masu injekta, irin Golf da Toyota da aka shigo da su ta Kwatano, akwai sensa a bututun hayaƙi da ke auna iskar da ta rage. Kafar da ke fitar da hayaƙi tana kuma zuƙo iska daga waje. Sensa ta ga iska ta yi yawa, ta shaida wa kwamfutar mota cewa mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara mai. Sai fulogi ya yi baƙi, mota ta dinga shan fetur, a yi ta sauya nozul ba gaira ba dalili.

Gano wurin ba wuya. A tayar da injin yana sanyi. A ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne, ɗaya a bi da shi gefen manifol, inda ƙarar ta fi tsini nan ne. A duba baƙin toka a jikin top, hayaƙi ba ya wucewa bai bar sawu ba. In yaro ya ɗan toshe bakin salansa da tsumma na 'yan daƙiƙu, ƙarar za ta ƙaru. A fili za a yi wannan, ba a cikin rufaffen shago ba.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi a kanmu, mu kanikawa. Mota ta zo da yoyo, mu kwance, mu ga gasket ya ƙone, mu ce ga mai laifi, mu sa sabo. Bayan wata biyu ta dawo. Mun bar jaki muna dukan taiki. Gasket ba ya ƙonewa haka kawai, wani abu ne ya saki ya bar shi a bakin wuta. Wasu har biyu suke haɗawa, wasu su shafa gam, wasu su cusa zaren asbesto, wanda ƙurarsa ke lalata huhun mai aikin. Duk gyaran gangar Abzinawa ne.

Aikin gaskiya daga kusoshi yake farawa, kuma nan ne ake bambanta ƙwararre da ɗan koyo. Motocin da aka yi amfani da su a Turai sun sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, kusoshinsu a ruɓe suke iso mana. Kada a taɓa su injin na da zafi, zaren alminiyam zai biyo kusar. A bar shi ya huce, a goge da burushin waya, a fesa mai sassauta tsatsa, in da hali ya kwana. A sa soket mai kusurwa shida daidai lambarsa, galibi 13 a motocin Faransa da Jamus, 12 a na Japan. A ɗan ɗaure tukuna, sannan a sassauta, gaba kaɗan baya kaɗan. In noti ya ƙi, a gasa shi da wutar gas, bayan an kawar da tiyon fetur da wayoyi. Yaron da ya sa dogon bututu a sifana ya hau da ƙarfinsa, ya mai da aikin awa biyu na kwana biyu.

In kusa ta karye a cikin top, hanyar da na fi yarda da ita ita ce a ɗora washa da noti a kan guntun, a yi walda ta cikin ramin notin. Waldar ba ta kama alminiyam, zafinta kuma na karya tsatsar, in ya ɗan huce sai a warware. A cire kan batir kafin a fara. In sai an huda, a buga tsakiya daidai, a fara da ƙaramin bakin diril, kuma a san iyakar zurfi, domin bayan wannan rami hanyar ruwa ce. Ƙarfen nan mai tauri da ake sayarwa don zaro karyayyar kusa, ni ina tsoronsa. In ya karye a ciki, diril ba ya cin sa.

Manifol ya fito, kada a yi gaggawar mai da shi. A kankare fuskarsa, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai, a gwada da filageji. Iyakar lanƙwasar da aka yarda da ita tana cikin littafin kowace mota, kuma ba ta kai milimita ɗaya ba. In ta wuce, a kai wa masu tana su share fuskar. Wannan ɗan gwaji bai fi minti biyar ba, amma garejinmu nawa ke yin sa?

Tsagewa kuwa, ƙarfen zubi ba ya son waldar gaggawa. Sai an huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar ta kowane gefe don kada ta ci gaba, a gasa ƙarfen gaba ɗaya, a yi amfani da sandar walda mai nikel, a bi kaɗan-kaɗan, sannan a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali.  In tsagar ta yi rassa, ra'ayina a haƙura, a nemi wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, shi ma a gwada fuskarsa kafin a biya kuɗi.

Wajen ɗaurewa, sababbin kusoshi, noti na tagulla in an samu, a fara daga tsakiya a yi waje, zagaye biyu ko uku, da sifana mai awo. Ɗaurin da ya wuce kima yana hana manifol miƙewar da na faɗa ɗazu, kuma shi ke karya kusoshin gefe. Bayan mota ta yi zafi ta huce a sake bi. Sannan a leƙa ƙasa. In robar da ke rataye salansa ta tsinke, ko injin sit ya mutu, nauyin bututun gaba ɗaya a wuyan manifol yake, aikinku ba zai yi ƙarko ba. Masu wankin mota kuma, don Allah ku daina watsa ruwa a injin da ya sha tafiya.

Iyayenmu shugabannin tasha, roƙona gare ku ɗaya ne. Da asuba, kafin a yi lodi, a sa direba ya tayar da mota bonet a buɗe, wani babba ya tsaya ya saurara. Wadda aka ji tana tas-tas, a fitar da ita daga layi har sai ta je gareji. Fasinjan da ya ji kansa na sarawa a mota kuma, ya sauke gilashi ya faɗa wa direba, kada ya yi kara.