Jawabi ga ƴan karatun manya: mu girmama masu kula da hankalin jinjiri



Yau zancenmu na jinjiri ne, da masu yi mishi aiki: ungozoma da ma'aikatan likita.

Jinjiri ba ciki kaɗai gare shi ba. Yana jin tsoro, yana jin daɗi. Yaron da tamowa ta kama yakan yi shuru, ya bar murmushi. Shi ya sa a wurin jinyar tamowa, irin waɗanda aka buɗe a Damagaram lokacin yunwar 2005, ba madara kaɗai ce magani ba. Ana koya wa uwa ta yi wa ɗanta magana, ta yi wasa da shi.

Wani zai ce wasa ba magani ba ne. To ku ji. A wata ƙasa mai nisa, Jamaika, daga 1986, ma'aikatan lafiya sun yi shekara 2 suna shiga gidajen yaran da suka tsumbure, kowane mako, suna koya wa uwaye wasa da su. Bayan shekara 20, waɗannan yara sun fi ƴan uwansu da ba a ziyarta ba samun kuɗi da kashi 25 cikin 100.

Nan gida kuma, ku duba Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare tun da. Ƴaƴansu sun tashi ana ƙyamar su, alhali kuturta ba gadonta ake yi ba, kuma tana da magani. Ma'aikaciyar da ta shiga can, ta ɗauki jinjiri ta rungume, aikinta ya fi ƙarfin albashinta.

In ta zo gidanku, a shimfiɗa mata tabarma, a kawo ruwa. Maigida kuma kar ya fice: ya zamna ya ji.